Yaron da na kora daga fagen kokowa da bakina

Ni malamin yaƙi da jahilci ne a Tabotaki, cikin ƙasar Buza. Yau ba zancen baƙi da wasali na kawo muku ba. Labarin kokowar yara ne, da wani kuskure da na yi a cikinta. Har yanzu in na tuna shi sai in ji nauyi a zuciyata. Na daɗe ina shawara ko in rubuta ko in bari. Daga baya na ce gara in rubuta, don da yawa daga cikinku kuna da yara a hannu, kuma abin da ya same ni yana iya samun kowa.

Kokowa gadonmu ce

Kun sani, a nan Adar in an yanke hatsi, an ɗaure damma, an zuba a rumbu, sai ganga ta fito. Samari su taru a dandali da farin wata. Wannan gari ya gayyaci wancan. Haka munka tarar da iyayenmu suna yi, su ma haka sunka tarar.

A shekarar 1975, zamanin shugaba Seyni Kunce, gwamnati ta tara ƴan kokowar jihohi a Tawa, anka yi gasar ƙasa ta farko. Yakuba Kantu na Maraɗi shi ya zama sarkin kokowa a wannan shekara. Bayansa anka yi su Salma Ɗan Rani na Doso, da Kadade Zambo namu na jihar Tawa, da wasu da yawa. Yanzu kowace jiha tana aika mutum 10. Jihohi 8 ne, kun ga mutum 80 ke nan. Su yi kwanaki suna karawa, wanda ya rage a ƙarshe a ba shi takobi.

A ƙarshen shekarar 2023 anka yi gasar a Agadas. Mu nan muna kewaye da rediyo, wasu suna gaban talabijin ɗin mai shago, wasu suna leƙen waya. Isaka Isaka na Doso ya ɗauki takobinsa na 6. Washegari duk yaron da ka gamu da shi a lungu cewa yake shi ne Isaka. Ko'ina kokowa suke, har a kan tsakuwa. To, kun san ƙasarmu, dutse ya fi rairayi yawa. Ba a yi mako biyu ba wani yaro ya karye a hannu.

Sai iyaye sunka same ni. Sunka ce: "Malam, kai ka taɓa kokowa da ƙuruciya, kuma yara suna jin maganarka. Ka tara su wuri guda, ka riƙa duba su." Na amsa. Na samu wuri mai rairayi a cikin ƙorama, munka tsince duwatsu da ƙaya. Muna haɗuwa bayan la'asar, mu tashi kafin magariba, don da dare ina da aji na manya. Yara 23 sunka rubuta suna, daga mai shekara 9 zuwa mai 15. Akwai ƴaƴan manoma, akwai ƴaƴan makiyaya da ke zuwa bayan sun shayar da bisashe.

Ɗan wana

Cikin yaran akwai ɗan wana. Ubansa ya rasu ya bar mini shi yana ɗan shekara 7, a gidana ya tashi. A lokacin da nake ba ku labari shekararsa 13, yana aji 6 a lakwal. Siriri ne mai dogayen ƙafafu, ba ya da yawan magana. Bai taɓa fashi ba ko rana guda. Shi ke fara zuwa, shi ke share fage.

Marigayi wana ɗan kokowa ne da anka sani a karkararmu. Ni kuwa na ƙulla a raina cewa sai ɗansa ya gaje shi. Saboda haka na fi matsa mishi a kan kowa. In wani yaro ya yi kuskure in gyara mishi da hankali. In shi ya yi, sai tsawa. A ganina gata nake yi mishi.

Akwai wani laifin kuma da ban gane ba a lokacin. Yara uku ne ƙarfafa a cikinsu, kuma su kaɗai nake yabo. Su nake sa wa a fage kullum. Ƙananan aikinsu ɗebo ruwa da zama a gefe suna kallo. Wani yaron sai ya yi mako guda yana zuwa bai kama kowa ba. Ban taɓa tambayar kaina abin da ke kawo shi ba, balle abin da zai sa ya daina zuwa.

Ranar da bakina ya yi ɓarna

Wajen wata biyu da farawarmu, anka yi buki a wani gari da ke kusa da mu. Sunka gayyace mu da yaranmu. Munka tafi a ƙasa, tafiyar kamar kilomita 7. Makaɗa sun zo, jama'a ta cika. Manya suna jefa kuɗi ga wanda ya yi kaye, wasu ma a gefe caca suke a kan yaran mutane.

Ƙarfafanmu uku sunka shiga. Biyu sunka yi kaye, guda ya faɗi. Sai mutanen garin sunka fito da wani saurayi mai kamar shekara 16, ƙirjinsa kamar turmi. Wani ya ɗaga murya ya ce: "Malam, maza sun ƙare a Tabotaki ne?" Jama'a ta yi dariya. Raina ya ɓaci. Na waiwaya na kira ɗan wana.

Ya matso kusa da kunnena ya ce: "Baba, wannan ya fi ƙarfina."

Na ce: "Shiga! Ɗan wa kake?"

Ya shiga. Wallahi ya yi ƙoƙari. Sau biyu saurayin yana kai hannu ga ƙafarsa yana zamewa. Ya daɗe a tsaye fiye da yadda kowa ya zata. Amma gaba da gabanta. Saurayin ya sungume shi, ya ɗaga sama, ya maka shi da ƙasa. Fage ya kaure da ihu, makaɗa sunka bi mai kaye.

Yaron ya tashi yana kakkaɓe rairayi daga kansa, ya nufo ni. Ni yake nema da ido a cikin taron duka. Sai na ce mishi, da ƙarfi, kowa yana ji: "Ka ba mu kunya. Ubanka bai taɓa faɗuwa irin wannan ba. Kai ba ka gado shi ba."

Bai yi kuka ba. Bai ce uffan ba. Ya ɗauki rigarsa ya fita daga taron. Shi kaɗai ya taka kilomita 7 ɗin nan zuwa gida. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Daga ranar bai ƙara taka ƙorama ba. Ni kuwa na ce fushin yara ne, zai huce. Amma ba shi kaɗai ya ji maganata ba. Sauran yaran ma sun ji, kuma kowa ya auna ta a kansa: in Malam ya yi wa ɗansa haka, ni fa in na faɗi? Yau mutum biyu su yi fashi, gobe uku. Kafin wata guda, daga 23 mun koma 9.

Wata safiya munka tashi babu shi. Ya bi wasu ƴan biɗa da sunka shiga mota da asuba. Bayan kwana 10 labari ya zo cewa yana Sakkwato, yana tura kurar ruwa tare da ƴan garinmu. Jarrabawar aji 6 tana tafe, ga wurin zamansa a lakwal babu kowa.

Uwarsa ta zo gidana. Da can muna wasa irin na matar wa da ƙanin miji. A ranar ko zama ba ta yi ba. Daga bakin ƙofa ta ce: "Malam, amanar da wanka ya bar maka ke nan?" Ta juya ta tafi. Na rasa abin da zan ce, amma duk da haka ban yarda laifina ne ba. Na riƙa ce wa mutane yaran zamani ba su da juriya.

Abin da ɗalibina ya koya mini

A ajina na dare akwai wani dattijo mai kamar shekara 60. Tsohon ɗan kokowa ne, ya yi zamaninsa. Yanzu ya zo koyon karatu don ya riƙa rubuta lissafin albasarsa da kansa. Wani dare na kira shi ya rubuta "ɓera" a allo. Ya ɗauki alli hannunsa yana rawa, ya juya harafin farko, ya rubuta "ɗera". Samarin ajin sunka tuntsire da dariya.

Nan take na tsawata musu. Na ce: "Ku duba da kyau. Haruffa 4 ne, Baba ya rubuta 3 daidai. Na farkon ma ya tuna da lanƙwasar kansa, cikinsa ne kawai ya kalli baya." Na riƙe hannunsa munka gyara tare. Haka anka koya mana a wurin horon malamai: kada ka kunyata babba a gaban allo, don in ya ji kunya yau, gobe ba za ka gan shi ba.

Da anka tashi, kowa ya watse, dattijon ya zauna. Ina naɗe tabarmi ya ce: "Malam, zauna, ina da magana."

Na zauna. Ya ce: "Ni da furfurata ka lallashe ni a kan harafi guda, don kada in gudu. Yaro maraya mai shekara 13 kuwa ka tozarta shi a gaban gari biyu. Shi zuciyarsa ta dutse ce?"

Na sunkuyar da kai. Ya ce: "Kuma abin da ka faɗa mishi ba gaskiya ba ne. Kai ƙarami ne lokacin, ba ka sani ba. Ni da hannuna na ka da wanka sau biyu, guda ma a gaban mahaifinku. Ka san abin da mahaifinku ya yi? Ya shiga fage ya ɗaga shi, ya kakkaɓe mishi baya da hannun rigarsa, ya ce mishi gobe ma rana ce. Shekara uku bayan haka wanka ya ka da ni, ban ƙara ka da shi ba har munka bari."

Ƴan uwa, daren nan ban yi barci ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Abin da nake yi wa manya kullum a gaban allo, na kasa yi wa yaron da ke cin tuwo a kwano guda da ƴaƴana. Kuma na gane ba don shi na tura shi fage ba. Don kaina na tura shi, saboda an yi mini dariya.

Na samu lambar wayar wani ɗan garinmu da ke tare da shi. Sau uku ina kira, yana cewa a ce mini yana aiki. Sai da ruwan shuka ya sauka ya dawo tare da sauran ƴan biɗa. Ya rame, tafin hannunsa duk kanta.

Munka fita shuka. Ina gaba ina sara da sungumi, yana baya yana zuba iri yana rufewa da ƙafa. Da munka kai ƙarshen gona na tsaya. Na ce: "Ɗana, na zalunce ka. Na sa ka kama wanda ya fi ƙarfinka, bayan ka faɗa mini gaskiya. Na kuma yi ƙarya a kan ubanka. Ya sha faɗuwa, kuma ba wanda ya zage shi. Ka yi ƙoƙari a ranar, ni ne na ba da kunya. Ka yafe mini."

Ya daɗe yana kallon ƙwaryar iri. Sannan ya ce: "Ba komi, Baba." Munka juya munka kama wani layi. Wasu za su ce bai kamata babba ya roƙi yaro gafara ba. Ni dai na ga durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Yadda muke yi yanzu

Da kakar 2024 ta zo, na roƙi dattijon nan ya riƙa zuwa ƙorama yana zama da mu. Na bi gida gida na ba iyaye da yara haƙuri. Munka sake tsari. Ga abin da muke yi, ko wani zai amfana.

Na farko, muna haɗa yaro da tsaransa. Mukan ari sikelin mai sayen albasa mu auna su sau guda a wata, mu raba su kashi uku bisa nauyi. Ko a gasar kokowa ta ƙasashen Afirka ta Yamma, aji aji ake raba manya bisa nauyinsu. Makiyayi ya san wannan tun da daɗewa. Ba wanda ke ɗaura wa ɗan maraƙi karkiya tare da bijimi, sannan ya doke shi don bai ja ba.

Na biyu, faɗuwa muke fara koyarwa kafin kaye. Yaro ya koyi sunkuyar da haɓa, ya faɗi a gefe, kada ya tokare ƙasa da miƙaƙƙen hannu, don ta nan karaya ke zuwa. Dattijon yakan ce wanda bai iya faɗuwa ba tsoro ke cika shi, mai tsoro kuwa ba ya kai hannu. Muna kuma fara kowace rana da langa, don tana ƙarfafa ƙafa, tana koya wa yaro tsayuwa, ga dariya.

Na uku, duk wanda ya zo sai ya shiga fage, ko da sau guda. Ɗebo ruwa kuma bi da bi ne, har da ƙarfafan.

Na huɗu, wanda ya yi kaye shi zai miƙa hannu ya ɗaga wanda ya faɗi. Ni kuma wurin wanda ya faɗi nake fara zuwa, don mai kaye yana da masu yabonsa da yawa. Ina fara faɗa mishi abu guda da ya yi daidai, kuma abu na gaskiya: "Ka tsare ƙafarka ta hagu da kyau." Sannan in nuna mishi gyara guda, ba biyar ba. Yaro yana gane yabon ƙarya. In ka ce mishi ya yi kyau alhali bai yi ba, gobe ba zai yarda da maganarka ba.

Na biyar, in akwai faɗa, a gefe nake yin shi, ni da yaro kaɗai. Kuma na haramta wa bakina auna yaro da ubansa ko da wansa. Da kansa nake auna shi: jiya ka tsaya kaɗan, yau ka daɗe.

Na shida, ina tambaya ko yaro ya ci abinci. Na gano wasu da nake kira ragwaye tun koko na safe ba su sa komi a ciki ba. Yanzu iyaye suna kawo abin da ya sawwaƙa, wannan ƙuli-ƙuli, wancan fura. Makiyaya sukan kawo nono in akwai.

Na bakwai, ba caca a kan yara. Mun kai maganar gaban mai gari, ya goyi bayanmu. In munka je buki, kuɗin da anka jefa ana tara su wuri guda. Ana ba masu kaye nasu, sauran a saya wa kowa abin taɓawa. Ko dala 10 yaro ya samu, ya san an ga zufansa. Kuma yaron da ya yi fashin lakwal ko ya bar bisashe sunka shiga gonar mutane, ranar kallo zai yi.

Ba mu kaɗai ba ne

Wani abokina malamin lakwal ya ba ni labarin wani wasa da ake yi a Amurka, sunansa besbol. Mutum guda ya jefo ƙaramar ƙwallo, wani ya buge ta da kulki ya ruga. Ya ce wasan yana da wuya ƙwarai. Ko a cikin manyan gwanaye, wanda ya dace sau 3 cikin 10 ana ce mishi gwani. Kun ga sau 7 ke nan yana komawa ya zauna. A shekarar 1939 wani mutum mai suna Karl Stotz, a garin Wiliyamsfot, ya ga ƴaƴan ƴar uwarsa suna son wasan amma filin manya ya yi musu girma. Sai ya rage filin daidai ƙafar yara, ya kafa musu ƙungiyoyi 3. Abin ya yaɗu har ƙasashe da yawa. Daga cikin dokokinsu akwai cewa yaron da ya zo wasa sai an sa shi, ba a barinsa a benci har a tashi. Da na ji haka na ce ashe yaro yaro ne ko'ina.

Ku tuna kuma da ɗan ƙasarmu Hamadu Jibo Isaka. A wasannin Olamfik na Landan, a 2012, ya shiga tseren kwale-kwale na mita 2000, alhali wajen wata 3 kaɗai ya yi yana koyon tuƙin. Shi ya zo na ƙarshe, an ba shi rata mai yawa. Amma bai aje matuƙi ba sai da ya kai, kuma dubban ƴan kallo sunka yi ta tafa mishi. Bayan shekara 4, a Riyo ta ƙasar Barazil, Abdurrazak Alfaga ya samo wa Nijar lambar azurfa a wasan taikwando, a 2017 kuma ya zama zakaran duniya. Dukansu biyu tutarmu sunka ɗauka.

Ko gasar takobi ku duba. Mutum 80 ke shiga, kowanensu zakara ne a jiharsa. Mutum guda ke ɗaukar takobi, 79 su koma gida ba shi. In da kowa za a tare shi da zagi a tasha, wa zai koma baɗi?

Mu mutanen ƙasar Buza muna da misali a gabanmu. A shekarar 1975 ɗin nan dai anka fara dashen layukan dogon yaro a kwarin Magiya don su tare iska. Da anka dasa su, ko akuya tana iya gamawa da guda a cizo biyu. Sai da anka sa masu gadi suna tsaron su har sunka fi ƙarfin dabba. Ba wanda ya tsaya a kan dashe yana yi mishi tsawa don ya yi tsawo. Ruwa anka ba shi da tsaro, anka jira. Yau ana shan inuwarsu, ana samun itace, gonaki sun huta da iska.

Inda muke yau

Ba zan ɓoye muku ba, ba komi ya gyaru ba. Cikin yaran da sunka watse, 4 ba su dawo ba har yau. Ɗan wana kuma bai koma lakwal ba. Ya ce tsaransa sun wuce, ba zai zauna da ƙannensa ba. Na yi lallashi, malaminsu ma ya yi, ya ƙi. Yanzu yana zuwa ajina na dare don kada karatun ya zube, yana ma taimaka wa tsofaffi da lissafi. Amma takardar da zai samu ta wuce shi, kuma ina da hannu a wannan asara. Uwarsa tana gaishe ni, sai dai wasan da muke yi da can bai dawo ba.

Fage kuwa, ban ce mishi ya dawo ya yi kokowa ba. Cewa na yi ya zo ya taya ni koya wa ƙanana langa da faɗuwa. Ya yi mako uku yana haka, rigarsa a jikinsa. Wata rana, ba wanda ya ce mishi komi, ya tuɓe riga ya kira wani tsaransa. Anka ka da shi. Ya waiwayo ya dube ni. Na shiga fage na ɗaga shi, na kakkaɓe mishi baya, na ce: "Ka shiga da kyau, ka ɗaga kai da wuri ne. Gobe ma rana ce." Dattijon yana zaune a gindin itace, ya kau da kai yana gyaran rawani.

Yanzu yara 26 ke zuwa ƙorama. Ɗan wana yakan yi kaye, yakan faɗi. Ban sani ba ko za a taɓa jin sunansa a rediyo, kuma na daina sa wannan a raina. Abin da na sani shi ne da ranin da ya wuce bai tafi biɗa ba.

Saboda haka ina kira gare ku, iyaye da yayye, da masu gari, da makaɗa. In yaronku ya faɗi a fage, ku lura, kafin ya kakkaɓe jikinsa ku yake nema da ido. Abin da kunka faɗa mishi a wannan lokaci zai daɗe yana ɗauke da shi. Makaɗa, in kun gama da mai kaye, ku ɗan buga wa wanda ya faɗi, ko kaɗan ne. Haka yake a gona in yaro ya karkace kunya, haka yake a kiwo in ya ɓatar da tunkiya. A nuna mishi gyara, a bar mishi mutuncinsa. Da rarrafe yaro kan tashi.

Wanda ke tara yara a garinsu, ko kokowa ko langa ko ƙwallo, ya rubuto wa wannan jarida yadda yake yi, mu ƙaru da juna. Wanda hannunsa bai faɗa da rubutu ba tukuna, ya je wurin malamin yaƙi da jahilci na garinsu su rubuta tare. Mu kuma nan Tabotaki, duk garin da ke son ya kawo yaransa mu gwada bayan kaka, ƙofa a buɗe take, amma da sikeli za mu tarbe ku.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye bakunanmu. Wassalam.